Wankin Lagireto

Ruwan da nake ɗura wa lagireton tsohuwar motar mahaifina ya daina fita da tsatsa, ya fara zubowa garau. Na yar da tiyon, na ruga kiran 'yata.

"Zo ki gani. Gobe ni zan kai ki jami'a."

"Baba, a wannan kakar tamu mai neman ruwa kowane gari?"

"An wanke mata ciki, ta daina."

Ta kuwa daina. Washegari injin bai yi zafi ba, muna tafe muna dariya har ƙofar makaranta. Sai da yarinyar ta shige da jakarta na tuna: duk nasihar da na tanada, na bari ne sai mun tsaya injin ya huce.