Dabinon Juma'a

Hafizu ya kwanta a kujerar likitar haƙori a Daura, kumatu a kumbure. Shekara biyu ke nan ɗanyen abinci kawai yake ci. Ya yar da buroshi da asuwaki, wai ɗanye da kansa yake wanke baki. Ga wata ɓoyayyiyar masoyiya, duk Juma'a sai ta aiko masa da dabino mai danƙo.

"Na gaban nan biyu sun ruɓe, sai cirewa," in ji likitar.

Da ta gama, ta sauke takunkumin fuskarta. Siddiƙa ce, wadda ya fasa aurenta ana jibi biki, wai ba ya zama da mai giɓi.

Ta miƙa masa madubi tana murmushi.

"Ya dabinon, angona? In ƙaro?"