Bukkar Barau

Ran wata Laraba cikin bazara, Barau ya kafa bukkar zana a tsakiyar gonarsa da ke gabas da Bande, gonar nan mai farin rairayi wadda ko tsuntsu ba ya ɓata lokacinsa a kanta. Ya ruɓanya zanar har uku, ya rufe sama da ciyawa, ya ɗauki ƙwaryar fura ya shige. Da ya fito, ƙwarya wayam. Ya ja ƙyaure, ya zauna bakin ƙofa da gora a cinya.

Wanda abin ya fi tsaya wa a rai shi ne Maharazu mai amalanken shanu. Shi fa a Bande ko akuya ce ta yi ɓari, shi ke fara ji. Yana da wani gashin baki da yake murzawa in zai ba da labari, daga murzar ake gane girman labarin. Ya je ya yi sallama.

"Malam Barau, me muka samu ne?"

"Lafiya muka samu."

"A ciki nake nufi."

"Rage murya," in ji Barau. "Ba a son hayaniya."

Wa ne ne ba ya so? Ranar Maharazu bai iya cin tuwo ba. Washegari a fada, wurin shan shayi, ya dafa ƙirji gaban kowa ya ce in har ruwan shuka ya sauka bai gano abin da ke cikin bukkar nan ba, a kira wanzami a aske gashin bakinsa ƙwal.

Kafin kwana uku labari ya kai Magarya. Wasu suka ce ɗan raƙumi ne mai kai biyu. Wasu suka ce ɓangaren jirgin sama ne ya faɗo, kuma yana shan fura. Wata tsohuwa ta rantse ta ji abin ya yi gyatsa ya ce alhamdu lillahi. Mutanen Mallawa suka ce ku dai ba ku sani ba, fetur ne ya ɓullo.

Barau bai ce e ba, bai ce a'a ba. Doka kawai ya kafa. Babur ba ya zuwa kusa, saboda ƙarar inji. Mai son zuwa ya zo a kan jaki, ko doki, ko amalanke, kuma ya yini, don ba a san sa'ar da za a buɗe ba. Da hannunsa ya kakkafa turaku, kullum da safe ya cire su ya matsar gaba. Ya ce wai ba a son ganin dabba wuri ɗaya kwana biyu. Jama'a suka gyaɗa kai, suka ce ai dama irin waɗannan abubuwa haka suke.

Maharazu ya daina zuwa kasuwa. Kullum ya ɗaura shanunsa biyu ya cika amalanke da mutane kyauta, don ya samu shaidu ranar da zai tona asiri. Ya hau gawo ya leƙa, bai ga komai ba sai ciyawa, ya sauko da ƙaya a wando. Ya tura matarsa Kaltume wajen Uwa, matar Barau, da ƙunshin goro. Uwa ta karɓi goro ta ce ita ma tana so ta sani. Ya kwanta rub da ciki ya manna kunne a ƙasa daga nesa, har wani jaki ya taka masa hula.

Ran kwana ashirin wani jandarma ya zo bincike, a ƙafa, don shi ma doka ta hau kansa. Barau ya shigar da shi. Mutum ɗari uku suka zuba wa ƙofa ido. Can jandarman ya fito yana goge baki, ya dubi taro, ya dubi dabbobi, dariya ta kusa ƙwace masa.

"Babu laifi a ciki," ya ce. Ya juya ga Barau. "Baba, baɗi ka zo garinmu, tsohona zai so ganinka."

Kai, sai abin ya ƙara girma! Makiyaya ma suka riƙa karkato da garkensu su yini suna kallon zana.

Ran kwana arba'in, da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta ɗaga bukkar gaba ɗaya ta yi sama da ita. Kowa ya miƙa wuya. Tabarma, ƙwarya, ludayi, matashi. Ke nan.

"Ya tsere!" Maharazu ya yi ihu. Mutane suka bazu cikin ruwa suna neman sawu.

Da safe 'yan fada ba su yi masa afuwa ba, wanzami ya yi aikinsa. Maharazu ya rufe baki da rawani ya nufi gonar. Ya tarar da Barau da sungumi yana sara, Uwa na biye tana jefa iri. Ƙasar ta yi baƙi ƙirin, ƙafa na nutsewa.

"Malam Barau, don Allah don Annabi. An riga an aske. Me ke ciki?"

"Ni ne, in rana ta yi zafi."

"To mu me muke yi a nan kwana arba'in?"

Barau ya dumbuzo ƙasa ya shinshina, ya lumshe ido.

"Ku? Ba komai. Dabbobinku ne suka yi aikin. Ka gaishe mini da shanunka, mutumina, duk yankin nan babu masu taki kamarsu."