Ƙurajen Haɓar Babakura

Ashana Babakura yake lalube a bayan kwalaben humrar matarsa, sai hannunsa ya ci karo da injin. Ɗan ƙaramin injin aski ne na caji, baƙi, mai lanƙwasasshen kai, an naɗe shi cikin tsohon ɗankwali. Ya juya shi, ya kunna, ya kashe, bakinsa har kunne. Sallah ta matso, ashe Bintu ta saya masa kyauta ta ɓoye. Ya ji ƙaunarta ta cika masa ƙirji.

Babakura mutum ne mai son a ce ya yi kyau, amma Allah ya jarrabe shi da haɓa. Reza ta taɓa shi yau, jibi gashin ya lanƙwashe ya koma cikin fata, ƙuraje su fito kamar an watsa masa gero. A Kasuwar Shanu, inda yake aiki ƙarƙashin Alhaji Yunus, abu biyu kawai suka haɗa shi da maigidan: sanin dabba da wannan ciwo. Alhaji ma yini yake yana susar wuya.

Bana kuwa Alhaji zai naɗa wakilin da zai riƙa bin motocin shanunsa zuwa kudu, kuma ya ce kafin Sallah zai yanke magana. Mutum biyu ake kallo, Babakura da wani Dzarma mai bakin zuma. Babakura ya daɗe yana mafarkin wannan wakilci, har barci yake hana shi.

Bai iya jiran Sallah ba. Ranar da Bintu ta tafi barka unguwar Ajilari, ya sa wa ƙofa sakata ya zaro injin. Ya tuna abin da ta taɓa gaya masa da ya dame ta da ƙorafi: a fara gasa wurin da ruwan ɗumi, a bi gashin yadda ya kwanta, kada a kankare har fata. A lokacin dariya ya yi mata, mace ba gemu tana koya wa namiji aski. Yanzu ya bi maganarta tiryan-tiryan, ya karkaɗe injin, ya mayar cikin ɗankwalinsa.

Gidan ma ya yi masa daɗin wannan sata. Da can, duk bayan ɗan lokaci Ya Kaltum mai halawa kan zo da dafaffen sukarinta da lemon tsami don cire wa Bintu gashin jiki, a kore shi waje ya yi ta gadin ƙofa. Kwanan nan ƙafarta ta ɗauke daga unguwarsu ta Gomari, shi kuma bai tambayi dalili ba.

Haɓa ta fara lafawa. Ƙurajen suka bushe, suka baje, sababbi ba su fito ba. Wani lokaci ya bar injin yana numfashi sama-sama, ya dawo ya tarar da shi cike da caji. Wato har kula da shi take kada ya lalace kafin ranar. Kunya ta ɗan kama shi, amma ba ta hana shi komawa ba.

Alhaji Yunus ne ya fara lura. Ya kama haɓar Babakura ya juya ta hagu da dama, yadda yake duba bakin bijimi.

"Kai, wane boka ka samu?"

Babakura ya ga ƙofa ta buɗe, kuma ba shi da niyyar barin Dzarma ya riga shi shiga. Washegari ya zo da injin a aljihu. Ya karɓo ruwan zafi wurin mai shayi, ya zaunar da maigidan ƙarƙashin darbejiya, dillalai suka kewaye su. Ya gasa, ya bi wuya, ya bi haɓa, ya gyara gashin baki har gindin hanci. Ba jini, ba raɗaɗi. Alhaji ya lumshe ido ya ja numfashi, ya ce shi bai taɓa jin inji mai ƙamshi haka ba.

"Na ƙasar waje ne, Alhaji. Na manya."

Dzarma yana gefe, fuska kamar an aiko masa da mutuwa. Alhaji ya shafa wuyansa, ya karɓi injin ya jefa a aljihun babbar riga. Ya ce matarsa Hajiya Raudatu ta cika masa gida da kayan mata da take sarowa, amma ba ta taɓa tuna shi da abu irin wannan ba, yau sai ta gani ta ji kunya. Sannan ya dafa kafaɗar Babakura a gaban kowa, ya ce gobe ya zo gida su ƙarasa maganar wakilci.

Babakura ya shiga gida da yamma yana taku ɗai-ɗai. Bintu na durƙushe tana zuba turaren wuta a kasko. Ya ba ta labari tun daga ashana har aljihun Alhaji, ya roƙi gafara da ya ɓata mata shirin kyauta, ya rantse motar farko in ta dawo sai ta zaɓi lafaya da kanta.

Turaren ya zube daga hannunta. Ta dube shi, ta dubi haɓarsa mai sheƙi, dariya ta taso mata ta toshe da ɗankwali, sai kuma idonta ya raina fata.

"Har gindin hanci?"

"Har gindin hanci," in ji shi, cike da alfahari.

"Babakura, ka kashe mu. Wa ya ce maka kyauta ce? Nawa ne, na askin mara, kuma a hannun Hajiya Raudatu na saye shi."