Rumbun da Ba Ya Buƙatar Mai Gadi

Rahinatu ta iso shagonsu na Bodinga, ta tarar Nafi'u ya riga ya kunna kwamfuta. Su biyu suka haɗa manhajar kira ta intanet, ga shi masu kira sun yi yawa har rumbun bayanansu ya fara gazawa. Yau za su yanke shawarar inda za a mai da shi.

"Mu kama haya wurin wani kamfani," ya ce, idonsa na kan allo. "Su za su riƙa faɗaɗa shi."

Ta tsaya kallonsa. Mutumin da ya sha rantsuwa ba zai damƙa wa baƙo lambobin jama'a ba, gara ya sayi na'urori ya yi gadinsu da kansa.

"To wa zai kula da wanga rumbu?"

"Ba ya buƙatar mai gadi. Ke kaɗai kin isa."

Jiya kawunnansa suka je wurin mahaifinta a Shagari nema masa aurenta. Ba wanda ya ce mata uffan a gida, ita ma ba ta tambaya ba. Yanzu ta gane ba a ba shi ba, barin shagon zai yi. Ta saurari ƙirjinta ko za ta ji zafi, ba ta ji komai ba sai ƙugin fanka.

"Mi Baba ya ce musu?"

Nafi'u ya juyo mata da kwamfutar.

"Sa sabuwar kalmar sirri. Wadda ban sani ba."

Ta ɗora yatsunta, ta daɗe a haka. Duk kalmar da ta faɗo mata a rai, ya san ta.