Sai Dai Likita

Babbar kwamfutar da ke riƙe da jarrabawar ta sake ɗaukewa. Zaure cike da ɗalibai, kowa ya zuba wa baƙin allo ido.

"Malam, mu sallame su ne?" in ji shugabar sashe, tana tsaye a kaina.

"A ɗan ƙara mini lokaci, ranki ya daɗe."

Na kashe na kunna, na sauya kebul, shiru kake ji. Ni kaɗai ne mai kula da kwamfutocin makarantar nan, kuma dabara ta ƙare mini.

Muna da guruf na ma'aikatan kwamfuta na jami'o'i, amma kunya ta hana ni tambaya da sunana. Sai na shiga da sabon layin da ba wanda ya sani, na tura hoton matsalar.

Nan take amsoshi suka fara shigowa.

"Sannu ɗan'uwa, kada ka taɓa komai tukuna."

"Wannan ta fi ƙarfinmu, sai dai Likita."

"Kwantar da hankalinka, Likita bai taɓa kasawa ba. Bari in kira maka shi."

Tsohuwar wayata, mai layin da 'yan guruf suka san ni da shi, ta fara ruri a aljihu.

Shugabar ta ce, "Ɗauki mana, Malam. Wataƙila mai taimakon ne."