Kande da Kunyar 'Yar Fari

Wata uku ke nan Hansatu ba ta cin abincin kirki, ba ta fita gaɗa, ba ta dariya. Shekarunta goma sha biyar, kuma ita ce 'yar farin Kande, mai bandar kifi a wani ƙauye na ƙasar Ngaski, bakin tafkin Kainji. Lokacin nan Yawuri tana cikin Jihar Sakkwato.

Abin ya faro ne tun ranar da kwalekwalen 'yan kasuwa ya daki kututture a hanyar dawowa daga Yelwa, ya kife. An tsamo Hansatu da rai, ƙawarta Ladidi kuwa sai gawa. Aka yi ta'aziyya, aka yi wa Kande barka, ba wanda ya sake tayar da zancen.

Kande tana son 'yarta, wannan babu musu. Amma ta riƙe kunyar 'yar fari kamar ita ta ƙirƙiro ta. Ba ta kiran sunanta, ba ta zama tabarma ɗaya da ita. In yarinyar ta matso kusa, sai ta juya mata baya ta ci gaba da jera kifi.

Bakinta dai a rufe, idonta kuwa a buɗe. Ta ga yarinya tana zuwa bakin ruwa kullum da la'asar ita kaɗai. Wa take haɗuwa da shi? Ta ga ta yi amai sau biyu. Ta shiga ɗakinta ta zazzage kwallar kayanta, ta lalube ƙarƙashin katifa, ta laɓe a bayan zana tana saurare. Ba ta samu komai ba, sai zuciyarta ta ce ai wayo ne ya yi wa yarinyar yawa.

Daga ƙarshe ta tasa ta gaba zuwa ɗakin shan magani. Malama Hawwa, ma'aikaciyar wurin, ta duba Hansatu, ta ce ta jira a waje.

"Inna, jikinta lahiya lau," in ji Malama Hawwa. "Ciwon na cikin zuciya ne. Kin taɓa tambayar ta mi ad damuwarta?"

"Ni? Ɗiyar hwari ta fa!"

"Ko ɗiyar hwari ciwo na kama ta. In kun koma gida ki zamna kusa da ita, ku biyu kaɗai. Ki kira sunanta. Ki ce, mi ka damun ki? Sannan ki yi shiru. Kada ki katse ta, kada ki yi hwaɗa, ko mi tac ce. In ba ta yi magana yau ba, gobe ki sake."

Kande ta fito tana tsaki. A ranta ta ce, ai bakinsu ɗaya, 'yar boko ce take rufa wa yarinya asiri.

Washegari ta aika aka kira ƙanwar mijinta, Goggo Tamada, wadda ba a taɓa ajiye magana a wurinta ta kwana ba. Goggo ta zo da ungozoma. Aka shigar da Hansatu ɗaki tana kuka, aka danne ta aka duba. Ba ciki, ba komai. Amma kafin azahar labari ya zagaye ƙauye, har ana nuna ta da baki.

Da la'asar masunta suka hango Hansatu ta shiga ruwa da zanenta, ba ta waiwaye. Da kyar Dogo masunci ya cim mata da jirginsa.

Wata bakwai ta yi a asibiti a Sakkwato. Malama Hawwa ce ta raka ta, kuma ita ta dawo wa Kande da bayani, da izinin yarinyar.

"Ranar da jirgi ya kihe, Ladidi ta riƙe mata ƙahwa cikin ruwa. Tsoro ya sa ta hwizge. Tun ran nan take jin ita ta kashe ta. Bakin ruwa da take zuwa, gahwara take roƙo. Ta ce sau ukku tana zuwa wurin bandar kihinki don ta gaya miki."

Kande ta zauna a ƙasa dirshan, ta ɗora hannu a kai. Ta tuna duk sau ukun.

Da aka sallami Hansatu, ta ce ba za ta koma ƙauyen ba. Kawunta ya tafi da ita garin Shanga. Kande ta dinga zuwa da kifi da daddawa, yarinya ta durƙusa ta gaishe ta cikin ladabi, ta tashi ta shige ɗaki. Haka suke har yau, kuma abin yana cin Kande.

Iyaye, in ɗanku ko 'yarku ta sauya hali, kada ku fara da zargi da laɓe. Ku zauna, ku tambaya a hankali, ku saurara har ƙarshe, ku nemi asibiti da wuri. Kunya al'ada ce mai kyau, amma ba ta kai ran ɗanku ba.