Jirgin Da Aka Ce A Yanka

"A yanka shi a sayar da ƙarfen," in ji ƙwararren da aka ɗauko daga Auckland, daga birnin nan mai nisa, bayan ya leƙa ɓarakar da dutsen teku ya yi wa jirgin ruwan.

Malamarmu ta gyaran jiragen ruwa ta ce, "Shi kaɗai ke kai magani tsibiran Lau. Ɗalibaina za su tashe shi."

"Waɗannan? Ko walda sun iya?"

Kwana tara muna faci duk sanda ruwa ya janye. Malama tana zaune kan durom, sai faɗa. "Kai, wannan walda ce ko suyar kifi? Sake."

A rana ta goma ruwa ya cika, jirgin ya ɗago. Muna ihu, ta riƙo hannuna.

"Faɗa mini, ya miƙe daidai?"

Sai a nan na gane hasken walda ya cinye idanunta. Da kunne take gane aikinmu.

"Malama, makaranta ta sani?"

"Ta tambaye ka? Gobe akwai aji ƙarfe bakwai. Ka makara ka gani."